Libarba Ɗaya, Harsashi Iri-iri: Ina Gaskiyar Take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Jidda ne, ina da takardar ɗan ƙasa, kuma ina shirin neman lasisin ƙaramar bindiga don wasan harbi a kulob. A bajekolin shaho da farauta na Malham, kusa da Riyad, wani mai sayarwa ya nuna mini libarba, ya ce tana cin harsashi iri uku. Abokina kuma ya ce ai duk harsashin da ya shiga rami na bindigar ne, har 9mm ma ana sa wa .38. Wanne ne gaskiya? Idan guda ɗaya zan saya, wacce ta fi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka kashi uku ce: ko akwai libarbar da ke harba harsashi fiye da iri ɗaya, ko shigar harsashi rami ta isa hujja, sannan wacce za ka sa kuɗinka a kai. Mai sayarwar zai iya yin gaskiya, domin irin waɗannan bindigogi suna nan, wasunsu ma sun fi shekara tamanin a kasuwa. Maganar abokinka kuwa kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke raba mutum da yatsunsa ko idonsa. Aikina koyar da harbi da kula da bindigogi a wurin atisaye, saboda haka zan gaya maka abin da na sani daga littafi da abin da hannuna ya taɓa.

Me ya sa libarba ke iya wannan

Ɗauki harsashin .38 ka duba gindinsa. Za ka ga kwanson yana da leɓe da ya ɗan fi jikinsa faɗi, ya zagaye gindin kaf. Idan ka zura shi cikin ramin silinda, wato gangar nan mai juyawa, wannan leɓen ne yake tokarewa a bakin ramin ya hana harsashin zurmawa ciki. Ke nan libarba ba ruwanta da tsawon kwanso muddin bai wuce zurfin ramin ba. Gindi take riƙewa. Fistol mai magazin ba haka take ba. Harsashinta, kamar 9mm, ba shi da leɓen da ya fito waje, da bakin kwanson yake tokarewa a can cikin rami, kuma ƙarfin fashewar ne yake ja da murfin baya ya loda na gaba. Tsawo ya canza ko ƙarfi ya ragu, sai ta sarƙe. Libarba kuwa yatsanka ne ke juya silinda, ko harsashin mai ƙarfi ne ko mai sanyi.

Daga nan aka sami abin da zan kira dangi. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da .38 Special a 1898. A 1935 suka fito da .357 Magnum, wanda asalinsa .38 Special ne da aka ƙara wa ƙarfi. Kaurin ƙwayar da ke fita iri ɗaya ne a duka biyun, inci 0.357, kimanin milimita 9.07. Sunan .38 ya samo asali ne daga kaurin kwanso tun zamanin tsofaffin harsasai, shi ya sa lambobin suke rikita sabon shiga. Bambancin yana cikin matsin da albarushi ke haifarwa idan ya kama. A ma'aunin SAAMI, hukumar da ke tsara ƙa'idar harsasai a Amurka, .38 Special yana tsayawa a psi 17,000 (psi shi ne awon matsi), .357 Magnum kuwa 35,000. Ninki biyu ke nan har da ɗoriya. Masu ƙirar sun san cewa idan wannan ƙarfin ya shiga tsohuwar .38 zai iya tsaga silindarta, sai suka ƙara wa kwanson .357 tsawo da kimanin milimita 3 da ɗan wani abu, daga 29 zuwa 33, da gangan, don kada ya shiga ramin .38.

Saboda haka hanyar ɗaya ce, ba ta dawowa. Yaro yana shiga rigar babansa ta yi masa yawa, amma uba ba ya shiga rigar ɗansa. Libarbar da aka buga wa .357 Magnum a jiki tana harba .38 Special lafiya lau, kuma kamfanonin da kansu suna rubuta hakan a littafin bindigar. Wadda aka buga wa .38 Special ba ta da hurumi da .357 ko kaɗan.

Sauran dangin ma haka suke tafiya. .44 Magnum, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950, yana karɓar .44 Special da kakansu .44 Russian. .460 S&W Magnum na 2005 yana karɓar .454 Casull da .45 Colt, tsohon harsashin nan na 1873. A nan tazarar ta fi ban tsoro: .45 Colt psi 14,000 ne, .454 Casull kuwa 65,000. A ƙananan kuma akwai .327 Federal Magnum, da ke karɓar .32 H&R Magnum da .32 S&W Long da .32 S&W, iri huɗu a silinda ɗaya. Idan wanda ka gani a Malham ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna maka, bai yi maka ƙarya ba.

Masu silinda biyu da masu faifai

Hanya ta biyu ita ce bindiga ta zo da silinda biyu daga kamfani, kowacce da nata ramin. Ruger Blackhawk tana da samfurin da ke zuwa da silindar .357 da ta 9mm, da kuma wani mai .45 Colt da .45 ACP. Ƙaramarsu Single-Six tana zuwa da silindar .22 LR da ta .22 Magnum. Taurus ta Barazil ma tana da samfurin 692 mai silindar .357 da ta 9mm. A nan ne kaɗai maganar abokinka ta kusa gaskiya: 9mm yana fita ta bututun .357 domin kaurin ƙwayarsa inci 0.355 ne, bambancin kaɗan ne. Amma sai da silindar da aka yanka masa musamman. Jikin kwanson 9mm ya ɗan fi na .38 kauri wajen gindi, ba shi da leɓe, kuma matsinsa psi 35,000 ne, daidai da na .357 Magnum. Wanda ya cusa shi a tsohuwar .38 ya ɗora mata ninkin abin da aka gina ta ta ɗauka.

Ina so ka lura da .22 ɗin nan, domin a nan ƙa'idar gajere da dogo ba ta aiki. .22 LR ya fi .22 Magnum gajarta, amma kuma ya fi shi sirantaka, ba danginsa ba ne. Idan aka sa shi a ramin .22 Magnum yana shiga yana lilo, ya kuma tashi idan an ja kunama. Na sha tsintar irin kwanson nan a ƙasa bayan an tashi atisaye: tagullar ta kumbura kamar an hura ta, ta tsage a tsaye daga baki har kusa da gindi, gefen tsagar ya yi baƙi ƙirin. Ta wannan tsagar iskar wuta ke dawowa baya, wajen fuskar mai harbi. Dalilin da ya sa kamfani ya ba ka silinda biyu ke nan.

Hanya ta uku faifan ƙarfe ne siriri da ake maƙala harsasai marasa leɓe a jikinsa, sai ya zame musu leɓe. Dabarar ta tsufa. A 1917 da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, fistol ɗinsu ta M1911 ba ta wadaci sojoji ba, sai Colt da Smith & Wesson suka ƙera libarbar M1917 da ke cin harsashin fistol ɗin, .45 ACP, da faifai mai siffar rabin wata mai ɗaukar uku-uku. Har yau ana amfani da shi, ga mai zagaye cikakke da ke loda shida gaba ɗaya. Amfaninsa sauri. Matsalarsa idan ya ɗan lanƙwashe sai silinda ta riƙa ciza, kuma cire kwanso daga jikinsa da hannu yana cin farce.

Akwai wadda ta wuce duk waɗannan a buri, Medusa M47, da kamfanin Phillips & Rodgers ya ƙera a Texas a shekarun 1990. An yi wa kowane rami ɗan harshen ƙarfe mai sifirin da ke riƙe kwanso ko da leɓe ko babu, har ta iya cin harsasai kusan iri 25 masu kaurin da ya kusanci milimita 9. 'Yan ɗaruruwa kawai aka yi, kuma an san ƙananan harsunan nan da saurin lalacewa. Yanzu kayan masu tara tsofaffin bindigogi ce.

Wadda nake zaton an nuna maka

Idan an ce maka "iri uku" da alfahari, zuciyata ta fi karkata ga Smith & Wesson Governor ta 2011, mai cin .45 Colt da .45 ACP (da faifai) da kuma harsashin .410 na bindigar tsuntsaye. 'Yar'uwarta Taurus Judge, wadda ta riga ta fitowa a 2006, tana cin .45 Colt da .410. Abin da ya haɗa su shi ne kaurin kwanson .410 ya yi kusa da na .45 Colt, sai aka tsawaita silinda har ta ɗauki kwanso mai inci biyu da rabi.

Suna da ban sha'awa a ido, kuma ba zan ce ba su da amfani ba. Amma ga mai son koyon harbi a kan takarda, ba na ba da shawararsu. Bututunsu yana da zanen murɗe a ciki don ya juya ƙwayar .45. Wannan murɗen ne kuma yake juya tarin ƙananan ƙwayoyin .410 ya watsa su. Ka kafa takarda a 'yan taku kaɗan za ka ga sun taru, ka ja da baya zuwa mita goma sai ka ga sun bazu ko'ina, sau da yawa tsakiyar ma fayau. Ita kuma ƙwayar .45 Colt, kwansonta milimita 33 ne a cikin ramin da ya haura milimita 60, sai ta yi tafiya mai nisa babu abin da ke riƙe da ita kafin ta kama zanen bututu. Wasu bindigogin suna jure wannan, wasu kuwa saitinsu yana raguwa. Ga nauyi, ga girman silinda. Ka sami bindigar da ke yin abu biyu, kowanne rabi-rabi.

Abin da gajeren harsashi ke bari a dogon rami

Ko a dangin da suka dace akwai abin lura biyu. Na farko datti. Duk lokacin da ka harba .38 a ramin .357, akwai milimita ukun nan da kwanso bai rufe ba, nan toka da dalma da maiƙo ke taruwa su zama zobe. Wani ɗalibi yakan yini yana harba .38, da yamma ya ce bari ya ɗanɗana .357, sai harsashin ya shiga ya tsaya saura ƙiris, silinda ta ƙi rufuwa. Sai ka ga ya kai babban yatsa zai danna. A nan nake riƙe hannunsa. Idan ka ɗaga silindar ka haska tocila ta baya, zoben yana nan baƙi a kowane rami, a wuri ɗaya. Danna harsashi a kan wannan zoben yana matse bakin kwanso, ya hana shi sakin ƙwaya yadda ya kamata, matsi ya hau, kwanson kuma ya maƙale wajen fitarwa. Maganinsa buroshin tagulla da man wanke bindiga. Idan za ka harba duka biyun a rana ɗaya, fara da dogon.

Na biyu saiti. Harsashi mai nauyi mai tafiya a hankali yakan sauka sama da mai sauƙi mai gudu, domin ya fi daɗewa a cikin bututu yayin da bakin bindiga ke ɗagawa. Saboda haka inda .38 ɗinka ke sauka ba lalle nan .357 zai sauka ba. Ka nemi bindiga mai saitin baya da ake murɗawa, ko ka san inda kowanne ke faɗawa ka riƙe a ka.

Shiga rami ba hujja ba ce

Yanzu ga maganar abokinka kai tsaye. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar sunayen harsasai. Akwai .38 S&W na 1877, akwai .38 Special. Sunan kusan ɗaya, amma na farkon ya fi gajarta, ya fi kauri, ƙwayarsa inci 0.361. Shi ne Turawan Ingila suka ɗauka suka kira .38/200, suka sa a libarbar Enfield da Webley Mk IV a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin 'yan kasuwa sun zurfafa ramukan wasu bindigogin Smith & Wesson masu cin wannan harsashi don su karɓi .38 Special. Yana shiga, yana tashi, amma ramin ya yi masa faɗi ta baya, kwanso ya riƙa kumbura yana tsagewa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da aka yi wa Webley .455, babbar libarbar da hafsoshin Ingila suka riƙa ratayawa a ƙasashen da suka mulka.  Da aka kwashi rarar waɗannan bindigogi zuwa Amurka, sai aka aske bayan silinda don ta ci .45 ACP da faifai. Harsashin .455 yana aiki a kimanin psi 13,000, .45 ACP kuwa 21,000, a bindigar da ake karyawa ta sama, wadda ɗan makulli ɗaya ke riƙe da ita. Wasu sun yi shekaru suna harbawa ba abin da ya faru, wasu silinda ta fashe musu a hannu. Haka kuma tsofaffin Colt masu cin .38 Long Colt, waɗanda raminsu a miƙe yake babu tudu a ciki, suna haɗiye .357 Magnum ba gardama, alhali ƙarfensu na ƙarshen ƙarni na 19 ne.

Ko 9mm ɗin da abokinka ya ambata ba iri ɗaya ba ne. Akwai 9×19 da aka fi sani, akwai 9×18 Makarov na Rasha mai ƙwaya mafi kauri, akwai 9×17 da ake kira .380. Ka ga ke nan lamba ɗaya ba ta isa ba. Abin dogaro shi ne rubutun da kamfani ya buga a jikin bututu, da rubutun da ke gindin kwanso, da littafin bindigar. Idan ukun nan ba su yi ittifaƙi ba, ajiye harsashin. Ina faɗin wannan da zafi ne saboda idan silinda ta fashe, gefe take watsa ƙarfe, wanda ke tsaye kusa da kai a layi shi ma yana cikin hatsarin, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wacce za ka saya

Ra'ayina .357 Magnum ta ƙarfe zalla, mai bututu inci 4, ko 6 idan takarda kaɗai za ka riƙa harbi, irin su Smith & Wesson 686 ko Ruger GP100. Nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, kuma wannan nauyin ne ke shanye tunkuɗar .38 har ka ji kamar ba komai. Da .38 za ka koyi riƙo da numfashi da jan kunama a hankali. Wanda ya fara da Magnum yakan koyi ƙifta ido da noƙe hannu kafin bindiga ta tashi, kuma cire wannan ɗabi'a ya fi koyar da sabon ɗalibi wuya. Idan hannunka ya zauna, ga .357 a bindigar da ka riga ka saba da ita. Ka kiyayi ƙananan .357 marasa nauyi da ake yi don aljihu. Suna dukan tafin hannu sosai, ba na koyo ba ne.

Idan kuɗin harsashi ne damuwarka, mai silindar 9mm ta biyu tana da ma'ana, domin 9×19 ya fi kowane harsashin ƙaramar bindiga yaɗuwa a duniya. Kafin ka biya, tambayi dillalin mai lasisi wane harsashi yake kawowa a kai a kai. .327 da .460 suna da kyau a takarda, amma bindigar da ba ka samun abincinta ƙarfe ce kawai a akwati. Silindar ta biyu kuma ta zama wadda kamfani ya daidaita da wannan bindigar. Ta wata bindiga, ko da samfurinsu ɗaya, ramukanta ba lalle su yi daidai da bakin bututu ba.

Batun doka ba fagena ba ne in yanke maka hukunci. Tsarin makamai da harsasai na Saudiyya, wanda ya fito a 1426 Hijira, wato 2005, ya sa lasisi a hannun Ma'aikatar Cikin Gida, kuma ya shafi harsashi kamar yadda ya shafi bindiga. Ka tambaye su ƙarara yadda za a rubuta bindiga mai silinda biyu a lasisinka, kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Canza wa bindiga rami ko bututu da kanka, ko kai ta wa wani maƙeri a ɓoye, ka nisance shi ta fuskar doka da ta lafiya duka. Harbi sama a wurin biki laifi ne da ake hukuntawa. Tunda kuma kana Jidda, Makka na kusa, ka tuna hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana ɗaukar makami a Makka, da hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da ya hana nuna ɗan'uwa da makami.

Abin da ba zan iya yi daga nesa ba shi ne in ce maka wata bindiga takamaimai lafiyarta ƙalau. Wannan sai an riƙe ta a hannu, an auna ramuka, an duba ko silinda na kullewa daidai da bututu a kowane juyi. Idan wadda aka nuna maka ta hannu ce, ko wata tsohuwa ta gado ta faɗo gidanku, a fara daidaita takardunta da hukuma, sannan ƙwararre mai izini ya duba ta kafin a sa mata komai. In ka sayi taka, ka ware wa kowane harsashi kwalinsa, kada ka juye su a jaka ɗaya, kuma kada ka bar su a mota cikin zafin Jidda, domin zafi yana ƙara matsi yana kuma lalata albarushi a hankali. Tabarau da abin toshe kunne kuwa, ka saye su tun kafin bindigar. Allah ya tsare, ya sa a fara a sa'a.